Doyar Kawu, Sarautar Sanata

Da sassafe Kawu Kasiano ya hau tudu don ya duba doyarsa, sai ya tarar da rami a gurbinta. Ramin kuwa mutum zai iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafafu har ya yi juyi. An tsinke yaɗon da ya ɗaura wa bishiyar mahi an yar a gefe, ga sawun silifa birjik cikin taɓo, ga gwangwanayen lemo an sha an watsar. Ya riƙe ƙugu ya daɗe yana kallo. Wannan ba ita ce ta farko ba, kuma ya san ƙafar da ta fi kowace faɗi a cikin sawun nan.

Ya gangaro yana dogara sanda, gwiwarsa na ƙara kamar tsohon ƙyaure. A tsakar gida ya iske a-kori-kura, ga doyar a bayanta an ɗaure ta a kan sanduna. Sanata Maderson, ɗan ƙanwarsa, ɗan majalisar jiha mai wakiltar gundumarmu, yana tsugune a bakin kwata yana lakato laka da yatsa biyu yana shafawa a hannun rigarsa. Yana yi yana duba madubin mota.

"A'a, Kawu! An tashi lafiya? Ya gwiwar?"

"Maderson," in ji Kasiano, "wannan da ke bayan motar nan..."

Nan ya katse maganar, kuma dole ya katse. A tsibirinmu na Pohnpei namiji ba ya buɗe baki ya ce yana da doya. Ko ta kai kwalekwale girma, in aka tambaye shi cewa zai yi, "Ina fa, 'yan saiwoyi ne, ba su fi yatsa ba." Wanda ya yabi doyarsa ya zubar da girmansa har jikoki. In kuma ka bi ta gonar wani ka hango yaɗo ya hau bishiya, kawar da kai za ka yi kamar ka ga surukarka tana wanka. Sai ranar biki ake ganin doya, a ɗauko ta a kafaɗa a shigar da ita nahs, wato zauren taronmu, a ajiye gaban Sarki, sanƙira ya faɗi sunan mai ita.

Sanata ya miƙe yana murmushi. "Kawu, jiya a gaban Inna ban tambaye ka ba? Na ce, Kawu, kana da wani abu a tudu? Me ka ce min?"

"Na ce babu."

"To ka gani! Ni kuma na ɗan hau shan iska da mutanena, sai ga wannan a filin babana. Ikon Allah, Kawu, ƙasar nan albarka gare ta."

Ya shige mota, ya leƙo ta taga ya ce za su ta'aziyyar surukin wani ne mai 'yan uwa da yawa, duk masu ƙuri'a. Motar ta tashi, doyar na rangaji a baya.

Adelihna, uwar Sanata, ƙanwar Kasiano uwa ɗaya uba ɗaya, tana bakin madafa tana kankare kwakwa. Tun rasuwar matarsa a wajenta yake zaune, a ɗakin kwano bayan madafar, ga shi Allah bai ba shi haihuwa ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Yaya, kar ka sa abin a ranka. In yaron nan ya hau, ai gidan ne ya hau. Zo ka karya, surukata Rihna ta soya wutsiyar talotalo."

Ya zauna ya ci, don yunwa yake ji. Amma abin yana ransa daram.

Abin da Kasiano yake nema a duniya bai taka kara ya karya ba. A cikin nahs akwai dandamali da ya zagaye gefe uku, nan masu manyan sarautu ke zama, ƙasa kuma a tsakiya nan samari ke dakan sakau, saiwar da ake tace ruwanta a sha a taro, a kan dutse. Mutumin nan ya haura saba'in, furfura har a gira, amma har yau a ƙasa yake zama da 'yar sarautar da aka ba shi tun yana saurayi mai ɗaukar itace. Sa'o'insa duk sun hau, wasu ma sun hau sun sauka kabari. Shi kuwa yana nan tsakanin jikokin mutane, hayaƙin murhun duwatsu na cin idonsa, ƙoƙon sakau ba ya iso shi sai ya zama ruwan wanke hannu. So yake sau ɗaya a kira shi da sarautar manya, ya hau dandamalin nan ya jingina bayansa da ginshiƙi. Hanyar kuwa ɗaya ce ga talaka irinsa: ya kai wa Sarki doyar da za a yi shekaru ana labari.

Doya kam ya iya ta. Matsalar ita ce duk wadda ta nuna, sunan Maderson ake kira a kanta.

Maderson da doyar Kasiano ya fara cin zaɓe. Da ita ya samu sarauta ta farko, da ta biyu, har ya wuce mutanen da suka yi masa wankan jarirai. Da ita aka ba shi shugabancin kwamitin noma a majalisa, mutumin da tafin hannunsa ya fi burodin birnin Kolonia laushi. A kowace mararraba akwai allonsa, yana rungume da doya kamar ya ɗauko jariri daga asibiti, an rubuta a ƙasa, "Ɗan ƙasa mai hannun noma." In aka sa zaman majalisa a rediyo, sai ka ji shi yana ta kumfar baki a kan a ware Ranar Doya ta Jiha, yana ba da labarin yadda yake tashi kafin zakara ya yi cara. Rihna, matarsa, in ta ji haka sai ta ƙyalƙyale da dariya, don ita ke zuba masa ruwa a ƙafa rana tsaka kafin ya buɗe ido.

Kuma kada wani ya ce mutanen gari ba su sani ba. Sun sani sarai! Wa bai san hannun Kasiano a jikin doya ba? Amma Sanata ne ke kawo buhun shinkafa ranar mutuwa, shi ke ba da mota a kai mai naƙuda asibiti, shi ya yi alkawarin kwalta har bakin coci. Sai kowa ya tafa, ya ce kai, Sanata akwai ƙoƙari.

Kasiano ya fara dabara. Ya daina bin hanyar da aka sani, ya riƙa zagayawa ta cikin rafi. Ya riƙa sa silifa baya-gaba don sawu ya ruɗa masu bi, har ya faɗi ya gurje haɓa. Ya haƙa ramuka na banza ya ɗaura yaɗon daji a kansu, mutanen Sanata suka kwashe yini suna tono suka fito da dutse. Ranar nan Kasiano ya ci abinci da daɗi, har ya nemi ƙari.

Washegari Sanata ya zo masa da tsaraba. Rigar ruwa ce sabuwa dal, rawaya shar, irin wadda ake hangowa daga teku, an buga "Zaɓi Maderson" a baya.

"Kawu, ruwan nan na damuna da kai. Kullum kana hawa tudu a jiƙe, in sanyi ya kama ka me zan gaya wa mutane? Don Allah kar ka ƙara fita ba ita."

Adelihna ta tafa hannu. "Ka gani ko, Yaya? Ɗan wa zai yi maka haka?"

Tsohuwar rigar ledarsa kuma aka neme ta sama da ƙasa aka rasa, Rihna ta ce ƙila alade ya ja. A garinmu kuwa ruwa ba ya jin kunya, safe da yamma zuba yake. Haka Kasiano ya koma hawa tudu kamar fitila, mutanen Sanata na zaune a bayan mota suna shan lemo suna bin sa da ido. Kafin wata ya ƙare an kwashe masa biyu, ɗaya ta tafi bikin buɗe coci, ɗaya ta tafi ta'aziyyar wata tsohuwa da Sanata bai ma san sunanta ba sai da aka raɗa masa a ƙofa.

"Maderson," ya ce masa wata rana, murya ƙasa-ƙasa, "ka ga shekaruna. Ina so in hau dandamali kafin a sa ni a ƙasa."

"Haba Kawu, har sai ka faɗa? Bari zaɓen nan ya wuce, ni da kaina zan yi wa Sarki magana. Yanzu in na ce a ba ka, sai 'yan adawa su ce son kai. Ka san siyasa."

"Haka ka ce wancan zaɓen."

"To ai wancan ma siyasa ce, Kawu."

Saura guda ɗaya, kuma ita ce ran Kasiano. Irin doyar gidan su Elsihner ne, marigayiya matarsa, wanda ta zo da shi a ƙunshe cikin ganye ranar da aka kawo ta. Shekarar da ta rasu ya dasa ta can cikin kwazazzabo bayan rafi, inda ko alade sai ya yi tunani kafin ya sauka. In zai je wajenta, cire rigar rawayar yake ya rataya wa wani kututture, ya bar mutanen Sanata suna gadin kututturen, shi kuwa ya silale rabin tsirara cikin ruwan sama. Shekaru yana yi mata hidima, yana ƙara mata ƙasa, yana ba ta labarin gida. Ya ƙudura a ransa ita zai kai babban bikin girmama Sarki na bana, wanda ya faɗo gab da zaɓe. Har ya yi magana a asirce da 'ya'yan wani tsohon abokinsa su zo su ɗaukar masa da safiyar bikin.

Shigar ruwan nan ce ta kayar da shi. Gwiwa ta kumbura ta yi suntum, zazzaɓi ya rufe shi, ya kwanta a ɗakin kwano yana jin iska na kaɗa bishiyoyi. Ba ciwon ne ya dame shi ba. Ya san iska irin wannan tana tsinke igiyar yaɗo, in yaɗo ya faɗi ƙasa ya ruɓe, doya ta tsaya ke nan.

Adelihna ta shigo da man kwakwa tana shafa masa a gwiwa, tana yi masa waƙar da innarsu take yi musu suna yara. Hannunta da taushi, ga ɗumi. Ya dube ta, ya ga 'yar yarinyar da ya sha goyawa su ƙetare rafi.

"Adelihna, zan aike ki, amma tsakanina da ke ne."

"Haba Yaya, ni ce fa."

"Ko Maderson..."

"In na gaya masa Allah ya tsinke harshena."

Ya kwatanta mata hanya, da dutsen da za ta zagaya, da bishiyar. Ta ɗaura zani ta tafi, ta dawo a jiƙe jagab ta ce ta ɗaure yaɗon tam. Sai ta zauna a bakin gadon tana haki, idanunta waje, ta ce, "Yaya, wannan ai ba doya ba ce, gida ce!" Ya yi murmushi ya ce 'yar saiwa ce kawai. Ranar ya yi barci har da minshari.

Da safiyar biki ya tashi ya lallaɓa ya yi wanka. Ya ciro farar rigarsa ta coci, ya shafa man kwakwa a ka, ya ɗora zoben furannin da ya roƙi wata maƙwabciya ta kitsa masa. Ya zauna a ƙofar ɗaki yana jiran 'ya'yan abokinsa. Sai ya ji waƙa daga wajen rafi, da ihu, da "Ku riƙe! Ku riƙe ta can!" Ga mutum goma sha biyu sun fito daga daji, kafaɗu sun lanƙwashe, doyar Elsihner na bisa sanduna an lulluɓe ta da ganye. A cikin masu ɗaukar har da 'ya'yan abokin nasa, kowanne da sabuwar hula mai hoton Sanata. Shi kuwa gogan yana gaba, ya sha laka har kunne, yau kam bai yi rowa ba.

Kasiano ya juya ya dubi madafa. Adelihna ta duƙufa a kan tukunyar da babu komai a ciki tana ta juyawa.

"Harshen naki yana nan?" ya tambaye ta.

"Yaya, ka tsaya ka ji. Ɗan adawar nan an ce doyar da sai mutum takwas ke ɗauka zai kawo. Ka so a kunyata ɗanka a gaban Sarki? Kai fa ko an ba ka sarautar, shekara nawa za ka yi kana cinta? Shi kuwa yanzu ya fara. Kuma wa ke sayo maka maganin gwiwa?"

Kasiano ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya bi bayan doyarsa, yana tafe yana hutawa, furanni na zamewa a goshi.

Nahs ta cika maƙil. Sarki na zaune can sama, manya sun jeru a dandamali, samari na dakan sakau duwatsu na amsawa tare. Kasiano ya sami gurbinsa na kullum a ƙasa, kusa da wani yaron da ya yi wa kakansa abokin ango. Doyar ɗan adawa ta shigo aka yi guɗa. Da ta Elsihner ta doso ƙofa sai da aka cire ginshiƙin rumfar waje kafin ta wuce. Mata suka tashi suna rawa, wani dattijo ya ƙware da sakau aka yi ta bubbuga masa baya.

Sanƙira ya ɗaga murya: "Wannan ta Sanata Maderson ce!"

Sanata ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa a ƙirji. "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri da ni. 'Yar saiwa ce, ba ta fi yatsa ba. Aikin majalisa bai bar ni na kula da ita ba."

Aka yi ta jinjina kai ana cewa kai, ga noma ga ladabi.

Nan ne Kasiano ya dafa kafaɗar yaron nan ya miƙe. Ya daɗe kafin ya gama miƙewa, har mutane suka zaci fita zai yi ya kama ruwa.

"Tawa ce."

Duwatsun sakau suka yi tsit.

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Ni na dasa ta. Irin Elsihner ne." Da bakin ya buɗe sai ya ƙi rufuwa, abin da ya danne shekara da shekaru ya yi ta fitowa. "Ta wancan bikin ma tawa ce. Da ta buɗe coci. Da wadda ke jikin allo yana rungume da ita kamar ya haife ta. Duk gundumar nan babu mai doya irin tawa! Ku dube ta! Wa ya taɓa ganin irinta? Wa?"

Wayyo! Da tsirara ya tuɓe a tsakiyar nahs da abin ya fi sauƙi. Mata suka rufe fuska da zani. Manya suka duƙufa suna nazarin yatsun ƙafarsu. Sarki ya ƙura wa ƙoƙonsa ido kamar yau ya fara ganin kwakwa. Namiji mai furfura, a gaban Sarki, yana yabon doyarsa da bakinsa!

Sanata ne ya ceci taron, ai dama aikinsa ke nan. Ya sauko daga dandamali, ya rungume kawunsa, har ya shafa masa laka a farar riga. Da ya ɗago, hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarsa.

"Ranka ya daɗe, jama'a, ku yafe masa. Mun daɗe muna ɓoye wannan lalura a gida. Tsufa ne, ga zazzaɓi ya taɓa kai. Ku da kuka san Kawu Kasiano, ku gaya min tsakani da Allah, da hankalinsa zai faɗi irin wannan magana?"

"Ina! Ba zai faɗa ba," in ji wani daga sama.

"Kasiano mai kunya? Har abada," in ji wani.

Kowa ya saki ajiyar zuciya. An samu mafita, ba sai an ce Sanata ɓarawo ba ne, ba sai kowa ya tuna abin da ya sani ba. Adelihna ta matso tana share ido da bakin zani, ta ce ai jiya ma da doya ya kwana yana hira.

"Lafiyata ƙalau!" in ji Kasiano. "Adelihna, ke na aika!"

"Allah Sarki," in ji mata, "ji yadda yake yi."

Gwiwa ta ƙi ɗaukarsa, mota kuma an toshe ta a baya. Sai wani mai basira ya ce ai ga sandunan da aka kawo doya. Aka kwance ta aka haura da ita dandamali, aka ajiye ta dab da Sarki, a jikin ginshiƙin nan mai daɗin jingina. Shi kuma aka ɗora shi a kan sandunan, mutum huɗu suka ɗaga, ɗaya har yana cewa bai kai rabin nauyinta ba. Suna kan hanya ya ji an koma dakan sakau, ya ji sanƙira na shelar sabuwar sarautar Maderson, ya ji guɗa. Zoben furanninsa ya faɗi a taɓo, na baya ya taka ya wuce.

Sanata ya ci zaɓe, ɗan adawa ko akwatin cocinsu bai kawo ba. Makon da aka rantsar da su aka ji shi a rediyo yana gabatar da ƙudurin Kula da Tsofaffi Masu Ruɗewa, muryarsa na rawa, yana cewa shi a gidansa ya san zafin abin. Aka tafa masa har kakakin majalisa ya buga guduma. A gida kuwa aka yanke cewa Kawu ya daina zuwa nahs, don kar abin ya motsa masa a bainar jama'a. Gurbin nasa na ƙasa ma, wanda ya raina, wani saurayi ya gaje shi.

Ana nan sai ga Adelihna da ƙunshin ganye. Kan doyar ne, Sarki ya mayar wa mai ita don kada iri ya ɓace. Ta ajiye a bakin ƙofarsa.

"Maderson ya ce a kawo maka, ko za ka ɗan samu abin ɗebe kewa. Likita ma ya ce aikin hannu na taimakon masu irin ciwonka. Kuma ka san shekara huɗu kafin wani zaɓen kamar gobe ce."

Ya ƙi taɓawa. Kan doyar ya yi kwanaki a nan, kaji na zagaya shi, har ya fito da tsiro ja, siriri, yana lalube a iska yana neman abin kamawa. Kasiano ya dube shi ya kawar da kai, ya sake dubawa. Irin Elsihner ne, ba zai iya zuba ido ya mutu ba, kuma sun san haka tun kafin su aiko.

Amma bai hau tudu ba. Da rana tsaka ya sa rigarsa rawaya, ya ja sandar haƙa ya fita bakin titi, daidai ƙofar gida, gindin allon Sanata. Nan ya haƙa, nan ya dasa, a gaban duk mai wucewa. Ya ɗaura igiya a jikin allon, ya jawo kujerar roba ya zauna. Ai an ce ba shi da hankali, to me ya rage a ce?

Yaɗo ya kama igiya ya hau. Ya rufe "mai hannun noma", ya rufe doyar hoton, ya kai ga haɓar Sanata yana neman hanci. Titin nan kuwa shi ke nan mana, ba wani. Duk mai zuwa coci, da mai zuwa kanti, da mai zuwa Kolonia, dole ya bi ta gaban doyar wani a fili, dole kuma ya kawar da kai. Sai ka ga jerin mutane suna tafe wuya a murɗe suna kallon teku. Mai wa'azi ya yi karo da mai kifi. Wata a-kori-kura ta zarce cikin kwata da buhunan shinkafa, direban ya fito yana rantsuwa shi bai ga komai ba, kuma gaskiyarsa. Sanata kansa in zai fita sai ya kwantar da kujerar mota ya rufe fuska da jarida. Ba shi da bakin cewa a cire, don kafin ya ce a cire sai ya yarda ya kalla.

Kwanakin farko Kasiano ya sha dariya har da riƙe ciki. Yana zaune yana kiran kowa da sunansa.

"Ioanis! Ina zuwa da sassafe haka? Ya mai jikin?"

Ioanis ya amsa da ƙeya, "Da sauƙi, Kawu," ya ƙara sauri.

"Dakio, zo mana ka zauna, akwai inuwa."

"Wani lokaci, Kawu, sauri nake."

Daga baya dariyar ta ƙare. Ya lura tun da ya zauna a nan bai ƙara ganin fuskar mutum ba, sai ƙeya da bayan kunne. Mutanen da ya yi wa haƙan kabarin iyaye, waɗanda ya koya wa ɗaurin yaɗo, duk sun samu hujja mai kyau. In ka tambaye su sai su ce al'ada ce, girmama doya suke. Ƙarya suke, kunyar idonsa suke ji! Wuyan nan nasu ya daɗe da sanin wannan juyin, tun ranar da aka kira sunan Maderson a kan doya ta farko.

Da yamma Adelihna ta fito masa da abinci. Tana tafe a karkace kamar ƙaguwa, fuska na kallon madafa, hannu na lalube, ta dire kwanon nesa da kujerar.

"Adelihna," ya ce.

"Na'am, Yaya."

"Doyar ce aka hana kallo. Ni ba a hana ba. Juyo ki dube ni mana."

Ta tsaya cak. Ya ga kafaɗarta ta motsa, ya ga hannunta ya damƙe bakin zani, ya gyara zama yana jira.

"Shinkafar za ta huce, Yaya," ta ce, ta koma ciki.